Tuƙin allo a tsaye a Legas: inda ya yi min da inda bai yi ba

Ga 'yan uwa da ke zaune a Legas ko masu zuwa hutu da ke tambaya ina ake wasan nan na tsayawa a kan allo kana tuƙi da filafili, wato padilbod, ni dai Tarkwa Bay ce ta fi min, kuma da tazara. Idan ka taɓa ganin Sarkawa a Yawuri tsaye cikin kwalekwale suna tura shi, to kusan haka abin yake, sai dai allon ba shi da gefen da zai tare ka, ƙafarka ce kawai da nutsuwarka.

Dalilin da ya sa Tarkwa ta yi shi ne duwatsun nan da Turawa suka jera a bakin mashigar tashar jiragen ruwa tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, su ne suke karya ƙarfin igiyar Atlantika kafin ta iso, shi ya sa ruwan wajen yake zuwa a hankali kuma bakinsa ba zurfi, za ka yi tafiya mai ɗan nisa ruwa bai wuce ƙugunka ba. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, ana hawa daga CMS ko ta wajen Falomo, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20 ce, kuma dole ka sa rigar ruwa mai hana nutsewa kafin a tashi, dokar LASWA ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, kuma na ji daɗin yadda ake bin ta.

Yaron da ya ba ni haya ɗan wajen ne, cikin matasan nan da suka tashi suna hawan igiyar ruwa tun suna ƙanana, kuma wallahi ya iya koyarwa. Bai bari na miƙe ba sai da na yi tuƙi a durƙushe na saba da yadda allon ke lilo, sannan ya ce in sa ƙafa ɗaya dama ɗaya hagu da mariƙin da ke tsakiyar allon, in ɗan sassauta gwiwa, in daina kallon ƙasa in kalli can nesa inda manyan jirage suke jiran shiga Apapa. Wannan na kallon nesa shi ne sirrin gaba ɗaya, kana sunkuyar da kai za ka ji cinyarka ta fara rawa. Ya ɗaura min igiya a idon sawu wadda ke haɗe da allon, ya ce ko ka faɗa kar ka bi filafili, allon za ka fara kamawa don shi ne abin da zai riƙe ka a sama. Da na miƙe na yi nisa kaɗan na juyo, ga dogayen gine-ginen Eko Atlantic can tsallake, ga yara suna ninkaya, ga ruwa na buga ƙasan allon a hankali, gaskiya na ji wani irin sanyi a raina da na daɗe ban ji ba a garin nan mai hayaniya.

Amma fa lokaci ne komai. Ka je da safe, ranar aiki in da hali, don Asabar da Lahadi da rana wajen cika yake da mutane da kiɗa da masu jet siki. Watannin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ruwan ya fi kwanciya, da damina kuwa musamman Yuni zuwa Satumba teku haushi take yi har cikin Tarkwa ɗin kana ji. Kuma kar ka yarda ka matsa wajen hanyar manyan jirage, in ruwa na janyewa akwai ja mai ƙarfi a wajen da zai ɗauke ka ba ka ankara ba. Abin da bai min daɗi ba shi ne shara, leda da robobin ruwa da teku ke amayowa bayan an yi ruwan sama, duk da akwai masu sa kai da ke kwashewa. Wani abin da ya tsaya min a rai kuma, tun korar da aka yi wa mazauna wajen a Janairun 2020 mutane da yawa suka rasa matsuguni, shi ya sa nake ganin in ka je ka yi haya a hannun yaran wajen, ka sayi kifinka da kwakwarka a wajensu, kar ka matse su a ciniki sosai.

Na biyu a wajena shi ne Five Cowrie Creek, ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island. Babu igiyar teku ko kaɗan, kuma bi ta kusa da gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013 da sassafe abu ne mai kyau ƙwarai. Matsalarsa biyu, jiragen fasinja masu gudu da ke tayar da ruwa ta gefe, su ne suka fi kayar da mutum, sai kuma ruwan da ba shi da tsabtar da za ka so ya shiga bakinka. Wani lokacin kainuwa ma takan rufe hanya. Wannan na wanda ya riga ya iya ne, kuma a tafi a ƙungiya da jagora. Ni wani mai haya da na gwada a can allon da ya ba ni irin na hurawa ne kuma bai cika masa iska ba, tsakiyar na lotsawa, sai da na sa ya ƙara, don haka ka danna da hannu kafin ka karɓa, ya kamata ka ji shi tauri kamar katako.

Su Elegushi da sauran bakin tekun Lekki kuwa, don Allah a bar su. Teku ce buɗaɗɗiya, igiyar a bakin yashi take fashewa da ƙarfi kuma tana ja ta ƙasa, wajen zama ne a sha iska, ba wajen sabon shiga da allo ba.

Ga 'yan uwa mata da ke tambayar sutura, ana yi da doguwar riga mai hannu ta ninkaya da wando har idon sawu da hijabi ƙarami mai kama kai, na ga masu yi haka kuma ba wanda ya kalle su, abaya ce dai ba za ta yiwu ba don in ta jiƙe nauyi take yi. Wanda bai iya ruwa ba ya faɗa wa mai koyarwa tun farko ba kunya, ya bar rigar ruwa a jikinsa, ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. A tafi da tsabar kuɗi don netwok na yawan ba da matsala wajen tiransifa, da darduma da ruwan alwala, a sa waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, kuma a tambayi mai jirgi lokacin tashin na ƙarshe tun ana sauka, don ƙananan jiragen ba a yarda su yi tafiyar dare ba.