Gidan abincin unguwa ko gidan sitek: ina ya dace a kai Baba?

Ƙanina, ka ce Baba da Umma za su zo jihar Niyu Jasi ta Amurka bikin kammala karatunka, ka ware dala 200 don ka fitar da su cin abinci, kana tambaya ko ka kai su gidan abincin unguwa da Amurkawa ke kira dayina, ko ka daure ka kai su babban gidan sitek, inda ake gasa naman sa mai kaurin yanka. Allah ya sanya alheri, ya sa karatun ya amfani al'umma. Na sha kai baƙi daga gida duka wuraren biyu, ga abin da na gani.

Dayina, in kana son ka gane ta, ka tuno teburin mai shayi, sai dai an yi masa rufi da kujeru masu laushi. Asalinta ma na masu aikin dare ne. A 1872 wani mutum, Walter Scott, ya fara sayar da abinci daga keken doki a garin Providence ga ma'aikatan jarida da ke tashi bayan an rufe ko'ina. Daga baya aka riƙa ƙera su a masana'anta da siffar taragon jirgi, a ɗauko a dasa a bakin titi. Jihar da kake ita ce ta fi yin suna da su, kuma da yawa iyalan Girkawa ne ke riƙe da su. Ba a kama wuri tun kafin a je, ba mai duban suturarka. Ka zauna, a miƙo maka jerin abinci mai shafuka da yawa: wainar ƙwai, gasasshen burodi, soyayyen dankalin turawa, kifi, kaza, da fankek, wanda ba fanken gida ba ne, ya fi kama da wainar fulawa mai kauri. Kofi kuwa sau ɗaya za ka biya, a yi ta ƙara maka. Cikin minti 15 abinci ya sauka, faranti maƙil.

Gidan sitek wata duniya ce daban. Tsofaffin cikinsu a Niyu Yok, kamar Keens da aka buɗe a 1885 da Peter Luger na Brooklyn mai tarihi tun 1887, nama kaɗai ya yi musu suna. Abin da kake biya abu uku ne. Na farko kitse: ma'aikatar noma ta Amurka tana kasa naman shanu daraja-daraja, Prime a sama, sai Choice, sai Select, kuma babban abin dubawa shi ne zaren kitsen da ya ratsa cikin tsoka. Na biyu lokaci: ana ajiye naman a ɗakin sanyi mako 3 zuwa 4, wani lokaci fiye, ruwansa ya ragu, ya yi laushi, ɗanɗanonsa ya taru; bayansa da ya bushe a fere a zubar, asarar kuma tana cikin kuɗinka. Na uku wuta mai tsananin zafi da ke ƙona bayan naman nan take, cikinsa kuma ya tsaya jaja-jaja da ruwansa.

To a nan gizo ke saƙar. Mu mun tashi da balangu da tsire: a yanka siriri, a gasa ya gasu har ciki, a barbaɗa yaji. Sitek kaurinsa ya kai yatsa biyu, gishiri da masoro kawai ake sa masa, kuma masu gidan sun fi son a ci shi cikinsa bai wuce digiri 55 zuwa 57 na Salsiyos ba. Da Baba ya sa wuƙa, jan ruwa zai kwanta a faranti. Ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da wani sinadari nata mai suna mayogulobin, amma wannan bayani ba ya sa dattijo ya ci. Na taɓa kai wani kawuna irin wannan wuri. Ya dubi farantin, ya ajiye cokali cikin natsuwa, ya ci burodi da dankali don kada ya kunyata ni. Har yau abin yana damuna, domin ni na zaɓi wurin. Kana iya cewa a gasa shi sosai, za su yi, haƙƙinka ne. Sai dai idan cikin ya kai digiri 71, laushin da ruwan da aka yi mako huɗu ana tattali sun tafi, ka biya kuɗin abin da wuta ta cinye. In dole ne, ka zaɓi yankan haƙarƙari da suke ce wa ribay, kitsensa yana jure wuta fiye da sauran.

Sai kuɗi. A gidan sitek farashin da ke gaban naman na naman ne shi kaɗai. Dankali daban, ganye daban. Mu yi misali da ku uku. Nama dala 65 kowa, 195 ke nan. Dankali da alayyafo na haɗaka 30, abin sha 15, an kai 240. Harajin saye na Niyu Jasi kashi 6.625 cikin ɗari ne, kusan 16. Tukuicin mai kawo abinci kashi 20, wato 48. Ka haura 300. A dayina kuwa, kowa ya ci na dala 18, da shayi da haraji da tukuici, wajen 80 ya isa. Kada ka yi wasa da tukuicin nan a ko'ina ka je. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa masu karɓarsa dala 2.13 ne a awa tun 1991. Jihohi da dama sun ƙara a kai, amma har yanzu da tukuicin matar da ke zuba maka kofi take biyan haya.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne halal, kuma ba wanda ya tsira a cikin wuraren biyu. Mutane suna zaton dayina ta fi sauƙi tunda ƙwai ne da burodi. Leƙa madafa ka gani: faffaɗan ƙarfen suya guda ne, a kansa ake soya naman alade, a kansa ake fasa ƙwai da juya fankek da dankali. Ka faɗa musu ƙarara ba kwa cin alade, a soya muku ƙwai a kwanon suya mai tsabta. Wurare da yawa suna yi ba gardama, musamman in ba cunkoso. Wafil, wata wainar fulawa mai ramuka-ramuka, ya fi kwanciyar hankali, domin ƙarfen gashinsa nasa ne shi kaɗai. A gidan sitek matsalar ta fi zurfi. Naman galibi ba yankan Musulmi ba ne. Malamai sun saɓa a kan naman kasuwar Amurka, wasu sun sauƙaƙa da ayar abincin Ahlul Kitabi ta Suratul Ma'ida, wasu sun hana saboda yadda ake yankan. Kai ka fi ni sanin inda Baba ya tsaya. Bayan haka, wasu romon da ake zubawa a kan nama da giya ake haɗa su, ana barbaɗa soyayyen alade a kan gasasshen dankali da salak, kuma jerin giya na cikin abin da ake fara ajiyewa a tebur. Umma za ta zauna awa biyu tsakanin kwalabe. Ka auna wannan tun kafin ka biya.

Ba na raina gidan sitek. Akwai karramawa a cikinsa: ba hayaniya, ba mai hanzarta ku, ma'aikaci na tsaye a kanku, kuma ɗan da ya gama karatu yana son iyayensa su ga an girmama su. Idan ka samu wanda namansa halal ne, aljihu kuma ya ba da dama, ka je. Ka kama wuri makonni kafin ranar, domin watan Mayu kowa yaye ɗalibai yake. Ka kuma buga waya ka tambaya game da hula. Wasu suna hana hular hana-salla a ɗakin cin abinci, gara su san ta Baba sutura ce kafin ku isa ƙofa.

Amma da dala 200 da iyaye irin namu, ga yadda zan yi. Washegarin bikin da safe ku je dayina, su ga yadda talakan Amurka ke karyawa, Baba ya sha shayinsa a natse. Da daddare ku hau mota zuwa garin Paterson da ke cikin Niyu Jasi, kudancin garin a kan titin Main, inda gidajen gashin Larabawa da Turkawa suke jere, mafi yawansu halal. Naman rago ne a kan gawayi, ya gasu har ƙashi, da shinkafa da gurasa mai zafi. Abin da ya rage bayan karin safe zai ishe ku.

Ka gaishe min da su idan sun sauka. Allah ya kawo su lafiya.