Akuyar dutse da kokwambar teku, wa ya fi iya tsira?

Akwai wasu awakin daji a tsaunukan arewacin Italiya da suke hawa bangon dam ɗin Cingino, bangon nan kusan a miƙe yake fa, ba don komai ba sai don su lashi gishirin da ke fitowa jikin duwatsun. Sirrin yana kofato, a rabe yake biyu, gefensa tauri cikinsa laushi kamar roba, shi ya sa yake kama dutse gam. In kerkeci ya biyo su sai su haye inda ba zai iya zuwa ba, shikenan.

Ita kuwa kokwambar teku ba kayan lambu ba ce, dabba ce, kwance take a ƙasan teku tana cin yashi tana tace abinci, ba ƙwaƙwalwa ba gudu, numfashi ma ta dubura take yi wallahi. In aka matsa mata wasunsu sai su amayar da kayan cikinsu su bar wa maƙiyi, bayan wasu makonni sabo ya tsiro. Ni dai wannan ta fi burge ni, amma dabararta ba ta aiki kan masunta, don 'yan Chaina suna sayen busasshiyarta da tsada sosai.