Mai fitilu na shago ko mai cire suwic na komandi: amsa ga ƙanenmu mai rubuta memwar

Salamu alaikum ƴan gurup. Jiya ƙanenmu ɗalibin nan na jami'ar Abdou Moumouni ya tambaya, wai yana son shiga harkar kilabiye mekanik, wato allon rubutun ordinatar da kowane maɓalli ke da nashi ɗan makunni a ƙarƙashi, wanda ake ce wa suwic, kuma guda biyu sunka raba mishi hankali. Na farko ya gan shi a wani shago kusa da Babbar Kasuwa, QWERTY ne, wato jerin haruffa na Ingilishi, mai fitilu kala-kala da suwic shuɗi, yau ka biya yau ka tafi da abinka. Na biyu AZERTY ne, jerin haruffa na Faransanci, da ake iya cire suwic ɗinshi da hannu, sai an yi komandi daga waje, kuɗinshi kusan ninki biyu. Ya ce aikinshi rubuta memwar da Faransanci, wani lokaci da Hausa. Na yi amfani da irin duka biyun, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ƙanena, kafin ka duba fitila ka duba maɓallin Entrée. In siriri ne a kwance, wannan tsarin Amurka ne, ANSI, babbanshi maɓalli 104. In ƙato ne mai hawa biyu, wannan ISO ne na Turai, 105. Wannan guda ɗayan da ya ƙaru yana gefen Shift na hagu, kuma a AZERTY shi ke ɗauke da < da >. To ko ka saita Windows ɗinka a Faransanci bisa na shagon, é da è da ç da à za su fito a layin lambobi kamar yadda ka saba, amma abin da ke rubuce bisa maɓalli daban abin da ke fitowa daban, kuma < da > sun ɓace ke nan. Kar ka ce za ka ɓamɓare hulunan, wato robobin saman maɓalli da ke ɗauke da haruffa, ka musanya A da Q, Z da W, domin a yawancin kilabiye kowane layi da tsayinshi da karkatarshi, hular da ka ɗauko daga layin sama ka sa a na tsakiya yatsanka zai riƙa jin ta kamar tsakuwa cikin shinkafa.

Wasu za su ce maka ka bar shi a QWERTY ka sa tsarin US International, ka danna ' sannan e ya ba ka é. Gaskiya yana aiki, na yi wata da watanni a kai. Amma mai rubuta Hausa zai sha wuya, don duk sanda ka zo rubuta jama'a ko sana'a sai ka ga jamaá da sanaá, dole bayan ' ka danna espas kafin a, kuma ka lissafa sau nawa irin kalmomin nan ke zuwa a shafi guda. Su kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ babu su bisa ko ɗaya cikin biyun, aikin lojisiyel ne ba na kilabiye ba. Akwai Keyman, kyauta ne. Ni da Microsoft Keyboard Layout Creator na ɗauki AZERTY na ɗora su bisa AltGr da b, d, k, y tunda wuraren babu komi, yanzu harsunan biyu ina rubuta su ba tare da na sauya tsari ba.

Sai maganar suwic. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya fito da samfurin MX a 1983, daga baya da wa'adin mallakarshi ya ƙare kamfanonin Sin irin su Gateron, Kailh da Outemu sunka shiga yin irinshi, shi ya sa abin ya yi araha har ya iso mana. Da kala ake bambanta irinsu. Ja santsi ne daga sama har ƙasa, nauyin dannawa wajen giram 45, harafi na fita a milimita 2, ƙarshen tafiya milimita 4. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya da yatsa ke ji. Shuɗi yana da tudun kuma yana ƙara, ƙas ƙas ƙas. A shago cikin hayaniyar kasuwa ƙarar nan daɗi gare ta wallahi, ita ce ma ke sa mutum ya zaro kuɗi. Amma kai da ke ɗaki ɗaya da abokan karatu, ƙarfe biyun dare kana kan babi na uku, za ka shiga haƙƙin mutane. Don dogon rubutu ni ruwan ƙasa na fi so, wani kuma ja, kuma ba mai gane nashi sai ya yi sati yana dannawa.

Nan ne na biyun ya yi wa na farko nisa. Na shagon galibi suwic ɗinshi liƙe suke da dalma a jikin farantin lantarki na ciki, abin da ka saya shi ke nan. Nawa na farko haka yake. Hunturu guda ya yi, lokacin nan na Janairu da in ka share tabur da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka da yatsa a kai, sai maɓallin a ya fara ninka harafi, in rubuta kasuwa ya ba ni kaasuwaa, kuma ka san Hausa ba ta tafiya ba tare da a ba. Na hura, na goge, a banza. Ƙarshe wurin wani mai gyaran talho na kai shi, ya kwance dukan sukurori, ya narka dalmar ƙafa biyu, ya ciro suwic ɗin Scroll Lock da ba na taɓawa ya mayar a gurbin a. Allah ya saka mishi, aiki ya yi kyau, amma wuni guda ya tafi. A wanda nake da shi yanzu in haka ta faru ɗan ƙarfen cirewa nake sawa in zare in cusa wani, minti ɗaya bai cika ba. Ka dai duba ƙafafun tagullan nan biyu sun miƙe kafin ka danna, don saurin lanƙwashewa gare su. Kuma ka tambaya ko ramin da suwic ke shiga na karɓar mai ƙafa 5 ko mai 3 kaɗai, don wasu masu araha an rubuta ana cirewa amma raminsu ƙunci gare shi, sai siraran ƙafafu irin na Outemu. Saboda ƙurarmu, Kailh Box sun dace, an yi su da kariya daga ƙura. Ko da wane ka saya, ka rufe shi da ƙyalle in ka tashi.

Hula kuwa, roba iri biyu ce. ABS tana yin sheƙi da santsi in zufa ta daɗe tana cin ta, ka tuna zafin Afrilu, PBT ta fi jurewa. Ka sani dai hulunan AZERTY wuyar samu gare su a harkar nan, mafi yawan masu kyan da kake gani a hoto na QWERTY ne, wannan kam na shagon ya ci.

Girma: tunda a AZERTY sai da Shift lambobin sama ke fita, in kana shiga Excel da yawa ka ɗauki mai 105 da ɓangaren lambobi. In rubutu ne zalla mai 88 marar ɓangaren lambobi ya isa. Ƙaramin nan da ake ce wa na kashi 60 cikin ɗari kar ka fara da shi, ba shi da kibiyoyi. Waya ko Bluetooth, ni waya, wadda ake zarewa mai USB-C, ba ruwanka da caji ko batirin da zafi zai gajiyar.

In ni ne kai na biyun zan jira, in nemi wani mai zuwa daga Faransa ya riƙo mini, ko in lissafa kuɗin aikowa da na duwan tun kafin in biya, in sa a haɗo da suwic goma na ajiya. In memwar ta matso kuma aljihu bai kai ba, ka ƙarasa ta da tsohon kilabiyenka na roba, ya fi ka koyi sabon tsari kana tsakiyar aiki. In kuma ranka na kan na shagon, ka ce mai shago ya cire hula ɗaya ka ga kalar suwic da idonka, ya jona maka a ordinatar ka danna kowane maɓalli. Ina Yantala, in kana so ranar Asabar bayan la'asar ka zo ka taɓa ja da ruwan ƙasa kafin ka yanke.