Ƙarin dokoki don wasan labari na kan tebur: wanne ya cancanci saye, wanne za a bari

Idan labari ya yi nisa, jarumai sun kai mataki na 5 ko na 6, jagoran wasa, wato mai tafiyar da labarin ga sauran 'yan wasa, yakan fara ganin kowane zama ya koma kamar na jiya: a shiga kogo, a gwabza, a kwana, a tashi garau. A nan ne ake soma leƙa littattafan ƙarin dokoki. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka ambaci matsalar teburinka da sunanta. Faɗa ne ya yi sauƙi? Dukiya ce ta taru babu abin yi da ita? Ko kuwa duniyar labarin ce ba ta motsi sai jarumai sun taɓa ta? Kowace da maganinta, kuma muna auna kowane magani da abu biyu: ko yana taɓa lissafin faɗa, da kuma wanda zai ɗauki wahalar rubuce-rubucensa.

Mu fara da abin da mai yiwuwa yana hannunka. Littafin Dungeon Master's Guide na Dungeons & Dragons, bugun 2014, cike yake da dokokin zaɓi, kuma da yawansu ba su dawo a bugun 2024 ba, don haka ka duba shekarar da ke jikin littafi kafin ka saya. Mafi amfani a cikinsu ita ce dokar tsawaita hutu, wadda ta mayar da gajeren hutu awa 8, dogon hutu kuma kwana 7. Dalilinta a fili yake. An gina lissafin wasan a kan cewa jarumai za su iya fuskantar artabu 6 zuwa 8 kafin dogon hutu, amma yawancin labarai ba sa wuce faɗa ɗaya ko biyu a yini. Sai masihirci ya zazzage manyan sihirorinsa duka a faɗa guda, ya kwana, ya dawo cike, mayaƙi kuwa ya zama ɗan rakiya. Da hutun kwana 7, tafiyar mako guda a daji takan zama kamar yini ɗaya a lissafi, kowa ya fara tattalin abin da yake da shi.

Inda take karyewa shi ne tsawon aikin sihiri. Sulken sihiri da ke ɗaukar awa 8, wanda a da yake rufe yini guda, yanzu ya zama ɗan guntu cikin mako. Sai jagora ya tsawaita irin waɗannan da kansa, ya rubuta ya ba kowa tun kafin a fara. Haka kuma ba ta dace da labarin da ke gudana cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna birjik ba, domin a can artabu 6 a yini ba wuya ba ne. Mafita mai kyau ita ce a bar gajeren hutu a awa 1 yadda yake, a ce dogon hutu ba ya yiwuwa sai a gari ko wani amintaccen masauki.

Dokokin da ke shiga tsakiyar faɗa su ne suka fi jan ido, su ne kuma suka fi ɓarna. Ɗauki dokar sa abokin gaba a tsakiya: idan jarumai biyu suka tsaya masa gaba da baya, sai su jefa dayis mai fuska 20 sau biyu su ɗauki babba. Wanda damarsa ta sara take kashi 50 cikin 100, nan take ta koma 75. Wannan garaɓasa ta yi yawa ga abin da taku biyu kawai yake buƙata, kuma tana kashe darajar duk wata baiwa da aka tsara don samun wannan fifikon. Wasan Pathfinder bugu na biyu, wani wasan labari daban, ya fi dacewa a nan, inda wanda aka sa a tsakiya yake rasa maki 2 na kariya. Ka ari wannan, ka ba masu kai hari ƙarin 2.

Dokar makin sihiri, wadda ke maye gurabun sihiri da tarin maki, ma haka take. Masihirci a mataki na 5 yana da gurbi 2 kacal na sihiri mai daraja ta 3, wato sau 2 zai iya yin sa kafin hutu. Idan aka koma maki, yana da 27, kowane irin wannan sihiri kuma yana cin 5, wato zai iya sakin dunƙulen wuta har sau 5. Idan matsalarka ita ce masu sihiri sun danne kowa, wannan doka ƙara mata mai za ta yi. Ita kuwa al'adar hukunta wanda ya jefa 1 a dayis mai fuska 20 wajen kai hari, a ce takobinsa ya faɗi ko ya sari ɗan'uwansa, ƙwararre take cuta. Mai sara ɗaya a zagaye yana da kashi 5 cikin 100 na faɗawa ciki, mayaƙin mataki na 20 mai sara huɗu yana da sama da kashi 18.

Batun kaya gajere ne. Dokar nauyi ta Player's Handbook na 2014, littafin 'yan wasa na D&D, ta ce wanda ya ɗauki fiye da ninki 5 na makin ƙarfinsa a laba, saurinsa ya ragu da ƙafa 10. Tana aiki, amma lissafinta yana gajiyarwa, bayan zama biyu kowa ya daina. Tsarin gurabe irin na wasan Knave, wanda Ben Milton ya fitar a 2018, ya fi ɗorewa: yawancin abubuwa gurbi ɗaya, masu nauyi fiye da haka, idan layukan takarda sun cika, jaka ta cika. Don kibau da fitilu, dabarar wasan The Black Hack ta wadatar: bayan amfani a jefa dayis, idan 1 ko 2 ta fito a sauka zuwa ƙaramin dayis, daga mai fuska 8 zuwa 6 zuwa 4, sannan kaya ya ƙare.

Inda kuɗi yake biyan kansa shi ne abin da ke faruwa tsakanin tafiye-tafiye, domin ba ya jagula faɗa. Akwai zaɓi uku. Xanathar's Guide to Everything na 2017, littafin ƙari na D&D, ya tsara ayyukan zaman gari bisa makon aiki na kwana 5: bincike, ƙira, neman mai sayen kayan sihiri, ƙulla abota da manya. Kusan kowane aiki yana da jadawalin tangarɗa da abokan hamayya, kuma daga nan sabon labari yake tsirowa. Shi ne mafi sauƙin nauyi. Dungeon Master's Guide na 2024 ya zo da tsarin sansani: daga mataki na 5 jarumi yana samun ɗakuna na musamman 2, su zama 4 a mataki na 9, 5 a na 13, 6 a na 17. Duk kwana 7 na cikin labari sai ya ba da umarni, a yi ƙira a maƙera ko bincike a ɗakin karatu. Alherinsa shi ne ɗan wasa ne ke riƙe takardun. Illarsa kuma, idan labarinka na gaggawa ne wanda duka-duka zai ƙare cikin kwana goma na ciki, da ƙyar sansanin zai motsa.

Na ukun shi ne Strongholds & Followers na Matt Colville da kamfaninsa MCDM, wanda ya tara sama da dala miliyan 2 a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2018. Ya fi na sama armashi: ganuwa, hasumiya, wurin bauta ko gidan kasuwanci, da mabiya masu zuwa da kansu. Sai dai yana ƙara wa jarumai ƙarfin faɗa, dole jagora ya ɗaga nauyin abokan gaba, kuma don dokokin 2014 aka rubuta shi. Mai son yaƙin runduna ya sani cewa Kingdoms & Warfare na 2021 ya sauya tsarin yaƙin da ke cikin na farkon, kada ya haɗa su biyu a tebur ɗaya.

Idan kukanka shi ne duniya ba ta motsi, ba sai ka kashe ko sisi ba. Wasan Worlds Without Number na Kevin Crawford, 2021, yana da bugun kyauta mai ɗauke da dokokin ƙungiyoyi. Kowace ƙungiya tana da maki uku, ƙarfi da wayo da dukiya, jagora kuma yana buga musu zagaye shi kaɗai tsakanin zama da zama. Nauyin duka a kansa yake, saboda haka ƙungiyoyi 3 ko 4 sun isa. Wanda ba shi da wannan lokacin ya ɗauki agogon ci gaba na Blades in the Dark, wasan John Harper na 2017. A zana da'ira a kati, a raba ta gida 4, 6 ko 8, a rubuta a sama "masu gadi sun farga", a ajiye a tsakiyar tebur. Duk kuskure a cike gida ɗaya. Kafin a kai na ƙarshe za ka ga 'yan wasa sun rage murya da kansu. Yana shiga kowane irin wasa ba tare da gyaran komai ba.

Masu buga Pathfinder bugu na biyu sun fi kowa sa'a, domin dokokin zaɓinsu na Gamemastery Guide na 2020 da GM Core na 2023 suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys, ana iya karantawa kafin a sayi littafi. Dokar da ke ba kowane jarumi ƙarin baiwar sana'a ta biyu a matakai 2, 4, 6 da sauransu tana faɗaɗa zaɓi fiye da yadda take ƙara lambobi, amma tana cika takardar sabon ɗan wasa da abubuwan da zai manta.

Duk wadda ka zaɓa, ka shigar da doka ɗaya tak a lokaci guda, ka rubuta ta a shafi ɗaya, ku amince za a gwada ta zama uku sannan a sake dubawa. Idan ta shafi ginin jarumi, kamar hutu ko makin sihiri, a ba kowa damar sake fasalin nasa kyauta ranar da aka karɓe ta da kuma ranar da aka ajiye ta.