Na karanta komik ɗin The Search na Avatar, ga ra'ayina kan maganar uwar Zuko

Wanda bai karanta ba kuma ba ya so a fasa masa labari ya tsaya a nan, don zan faɗi komai.

Duk wanda ya taso yana kallon katun ɗin Avatar Aang, ko a faifan DVD ko wajen 'yan tura fim a waya, ya san abin da aka bar mu da shi a 2008. Kashi 61 aka yi, yaƙi ya ƙare, Aang ya ƙwace wa sarki Ozai, uban Zuko, ikonsa na sarrafa wuta, Zuko ya hau mulki, sai ya je kurkuku ya tsare ubansa da tambayar ina mahaifiyarsa take, kawai aka yanke. Shi ke nan. Shekara biyar mutane suna ta hasashe sai a 2013 kamfanin Dark Horse ya fitar da The Search kashi uku, Gene Luen Yang ya rubuta, Gurihiru (wasu mata biyu 'yan Japan) suka zana, kuma da hannun masu katun ɗin na asali, Michael DiMartino da Bryan Konietzko, saboda haka ba labarin kanzon kurege ba ne na magoya baya, ci gaban ne na gaske. Wanda ke hannuna haɗaɗɗen ne, ukun a littafi ɗaya mai laushin bango.

Zanen dai ba ni da ta cewa. Fuskokin su ne sak, launi ya fito, takardar mai santsi, Sokka abokin Aang na nan da shirmensa. Abin da ba za ka samu ba shi ne motsi da kiɗa, faɗan wuta da ruwa da a katun yake sa ka miƙe tsaye a nan hoto uku huɗu ne an wuce. Toph ƙawarsu ma ba a tafi da ita tafiyar neman uwar Zuko ba, ni kam wannan ya ɓata min rai. An bar Iroh, baffan Zuko, yana riƙon sarauta, shi kuma tsohon, abin da ya fara yi shi ne ware ranar shan shayi ta ƙasa, nan na yi dariya sosai.

Yanzu labarin. Ursa, uwar Zuko, 'yar wani ƙauye ce Hira'a, jikar Avatar Roku (wanda ya gabaci Aang), tana wasan kwaikwayo tare da saurayinta Ikem har ya nemi aurenta ta yarda, sai ga sarki Azulon da ɗansa Ozai sun dira gidansu wai malaman wuta sun ce in aka haɗa jinin Roku da na gidan sarauta za a samu zuri'a mai ƙarfi. Auren dole ne ƙiri-ƙiri, kuma aka yanke ta da iyayenta gaba ɗaya. Daga baya da Azulon ya ce a kashe Zuko, ita ta haɗa gubar da Ozai ya kashe ubansa da ita don a bar mata ɗanta da rai, sharaɗin shi ne ta bar gari ba tare da yaran ba. Ta koma Hira'a, ta haɗu da Ikem wanda ya riga ya canja fuska ya koma Noren, ya kai ta wajen wata aljana uwar fuskoki, ita ma aka ba ta sabuwar fuska aka kuma goge mata tunanin zaman fada duka, har da Zuko da ƙanwarsa Azula. Ta zama Noriko, ta haifi wata yarinya Kiyi, tana zamanta lafiya.

To a nan rigimar take. A guruf ɗinmu na WhatsApp har cikin dare ana ta musu, wasu na cewa wace irin uwa ce za ta zaɓi mantuwa alhali ta san a hannun wa ta bar 'ya'yanta, wani ma cewa ya yi gara a ce mutuwa ta yi da an fi ganin mutuncinta. Kuma ba mu kaɗai ba, a intanet ma tun fitowar littafin ake wannan jayayyar. Na gane su, a wajenmu uwa ba ta mantuwa da ɗa, macen da aka saka aka riƙe mata yara ko a Legas ta sake aure zuciyarta na gidan da ta baro, tana aike tana tambaya. Amma fa ku duba, Ursa ba ta da hanyar aike, ba ta da dangi, ta dawo ta tarar iyayenta sun rasu, kuma Ozai ya gaya mata in ta ɗauki yaran zai bi su ya hallaka su duka. Littafin bai wanke ta ba, ita kanta tana kuka tana kiran kanta muguwa lokacin da ta amsa tayin. Ni abin da na gani shi ne mun shafe shekaru mun gina wata uwa marar aibu a kanmu daga 'yan mintunan da aka nuna ta a katun, da aka kawo mana mace mai rauni wadda wahala ta karya sai muka ji haushi. Ni na fi yarda da wannan ɗin, gaskiya.

Inda nake tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari shi ne maganar wasiƙa. An rufe kashi na ɗaya da wasiƙar da Ursa ta rubuta wa Ikem tana nuna Zuko ɗansa ne ba na Ozai ba, aka bar masu karatu wata da watanni hankali a tashe, sai can a kashi na uku aka ce ai ƙarya ta yi don ta gane ko Ozai na tsare wasiƙunta, har da son ta ƙuntata masa. Haba. Macen da ta san halin mijinta za ta jefa ɗanta a wannan haɗari don gwaji? Kuma Ozai ya ce tunda haka take so zai riƙe yaron kamar ba nasa ba, wato an ɗora mata wani kaso na azabar da Zuko ya sha, abin da ba a buƙata sam, mugunta irin ta Ozai ba ta neman dalili. Wannan dabarar jan mai saye ce kawai don a jira kashi na biyu, mu da muka karanta a haɗe ma abin bai kai awa ɗaya ba ya sace.

Azula ce ta riƙe littafin wallahi. An fito da ita daga gidan masu taɓin hankali a ɗaure, tana ganin uwarta a ruwa da ko'ina tana zarginta da haɗa mata makirci, ga ta abin tsoro ga ta abin tausayi. Wurin da ta ritsa Noriko za ta kashe ta, matar da ba ta ma san wace ce ita ba ta taɓa fuskarta ta ba ta haƙuri kan rashin nuna mata isasshen so in har da gaske ita ta haife ta, wannan shafin na daɗe a kansa. Sai kuma ta ruga daji ta ɓace, an rufe tambaya ɗaya an buɗe wata, sai ka nemi komik ɗin Smoke and Shadow na 2015 in kana son sake ganinta.

Maganar saye kuma, da Turanci yake amma mai sauƙi, ɗan sakandire zai karanta ba matsala. Samunsa a Kano ne aiki, ni sai da na yi oda aka kawo min, kuma da yadda dala take kuɗin ba na wasa ba ne ga littafin da za ka cinye a zama ɗaya. In ku uku ko huɗu ne ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa, amma ku nemi The Promise na 2012 tukuna don shi ne na farko a jerin. A cikin goma na ba shi bakwai, maki biyu wasiƙar ta cinye, ɗaya kuma na Toph ne.