Na yi wa tsohuwar Corolla ta inshorar takaful, ga yadda muka kwashe

Shekarata 69, motata kuma Corolla ce ƙirar 2005 da na saya da kuɗin sallama lokacin da na ajiye koyarwa. Iyakacin yawona da ita daga unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ne zuwa masallacin Juma'a, asibiti idan ranar ganin likita ta zo, sai gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, waɗanda a shekarunmu sun zama aikin yi. Shekara da shekaru wani yaro ne ke sabunta min takardu. In miƙa masa kuɗi da safe, kafin la'asar ya kawo su a leda, har da ta inshora mai tambari kyakkyawa. Ban taɓa karanta ta ba. A wurina kariya ce daga ɗan sanda da ɗan KAROTA, masu kula da titunan Kano, shi ke nan.

'Yata Hajiya ce ta tona asirin. Da 'yan sanda suka ce daga 1 ga Fabrairun 2025 za su fara kama masu tuƙi ba inshora, ta ɗauki wayarta ta shigar da lambar motata a shafin NIID, rumbun da kamfanonin inshora ke zuba sunan duk motar da suka yi wa rajista. Babu ni babu dalilina. Ta ce, "Baba, ai takardar ƙosai kake yawo da ita." Ashe duk shekarun nan da na bugi wani, daga aljihuna zan biya.

Na zaɓi ofishin takaful ne saboda zuciyata ba ta taɓa kwanciya da inshorar da aka saba ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a sa'o'ina. A takaful abin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfani wakili ne da ke ɗaukar ladan kula da shi, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, in an yi rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, tunda yabo da ƙorafi duka zan yi.

Ƙorafin farko matakala. Ofishin a bene yake, ni kuma gwiwa ta daɗe da yi min tawaye. Sai da na huta sau biyu. Amma yarinyar da ta karɓe ni ta wanke laifin. Ta ja min kujera, ta ce, "Sannu da ƙoƙari Baba, da kun kira ai da na sauko." Ta zauna ta yi min bayani da Hausa tsaf, ba gaggawa, ba ta kuma yi min irin maganar nan da ake yi wa tsoho kamar ana lallashin yaro ba.

Tambayar da na fara yi ita ce ko tsufana zai sa a ƙara min kuɗi, don yayana da ke Ingila kullum kukansa ke nan, wai tun da ya haura saba'in ake tsawwala masa. Ta yi murmushi ta ce a nan ƙaramar inshora, wadda ake ce wa tad-fati, farashinta ɗaya ne ga kowa. Motar gida naira 15,000 a shekara, ko ɗan shekara 25 ne ke tuƙi ko ni. Da 5,000 ce, NAICOM ta ɗaga ta daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga abin da za a biya in ka lalata dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Tana kuma ɗaukar rauni ko rasa ran wanda ka buge. Abin da ba ta ɗauka shi ne motarka. A nan ta tsaya ta maimaita, kuma na gode mata da ta yi haka, don da yawanmu muna zaton in an biya inshora an gama.

Babbar, wato cikakkiyar inshora, ita ce ke gyara taka motar, ta biya in an sace ta ko ta ƙone. Ita kuma da darajar mota ake lissafinta, doka ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100. Muka yi wa Corolla kuɗi miliyan 6 a kasuwar yau, abin dariya, ta ninka yadda na saye ta tana tsufa tana tsada. Lissafi ya ba da 300,000 a shekara. Na yi shiru ina auna shi da fanshona. Ta ƙara da cewa mota mai shekaru irin tawa sai sun duba ta tukuna kafin su yarda, kuma ko an yi hatsari akwai wani kaso na farko da ni zan ɗauka. Wato tsufan motar ne ya dame su, nawa ko a jikinsu.

Na ɗauki ƙaramar. Dalilina shi ne Corolla ba ta da kayan wahala, duk abin da ya karye kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na da shi, kuma ina da bakanike tun yana yaron shago. Abin da ba zan iya ba shi ne biyan motar wani. Ka duba irin motocin da ke bin Titin Gidan Zu yanzu, fitila ɗaya ta wata ta fi fanshona na wata uku. Da sabuwar mota 'ya'ya suka haɗa suka saya min, ko da ina yawan hawa hanyar Zariya ko Katsina, da lissafin ya sauya.

Ba a yi wata biyar ba aka gwada takardar. Wajen ɗaurin aure a Kabuga ina ribas, wuya ba ya juyawa kamar da, madubi kuma ya yaudare ni, sai ji na yi ƙum. Na lotsa ƙofar wata baƙar jif na fasa mata fitilar baya. Mai ita yaro ne sa'an ɗana, ya fito a fusace, da ya ga furfura ya sassauta ya ce, "Baba, Allah ya tsare gaba, amma gyaran nan fa da nauyi." Na ce masa ina da inshora. Kallon da ya yi min, kamar na ce ina da aljani.

A nan ne sabis ɗin ya nuna rabinsa na biyu. Sun ɗauki waya a kira na farko, wannan na yaba. Amma sai hotuna, sai kwafin lasisi, sai rahoton 'yan sanda, sai takardar kiyasin gyara, sai fom da Turanci mai ƙananan haruffa da ko da tabarau sai na kai shi bakin taga. Wai a tura komai ta waya. Ba don jikana ba da na haƙura na sayar da rago na biya. Kuma da lasisina ya ƙare da magana ta lalace, don haka masu cewa tsoho ba ya buƙatar sabunta lasisi su ji. Mako shida ana sintiri, yaron yana kirana cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Daga ƙarshe suka biya gyaransa, bayan sun rage kaɗan daga kiyasin mai gyara, shi ma bai ja ba.

Bambar motata kuwa ni na saya, ta hannu, a Ƙofar Ruwa. Rarar ƙarshen shekara ban sa rai ba tunda an biya a kaina. Da lokacin sabuntawa ya yi na koma wurinsu, wannan karon na kira daga ƙasa yarinyar ta sauko da takardar, Hajiya ta duba lambar a waya ta ga sunana ya fito. Tuƙin dare dai na bar wa jikana, likitan ido ya ce akwai yana a na hagu, bayan Sallah za a cire.