Katin Intel I350-T4 a sabar Ubuntu: ƙofa huɗu, hanyar fita ɗaya

Wata takwas ke nan wannan kati, mai ƙara wa kwamfuta ƙofofin jona kebul ɗin sadarwa, yana aiki a sabar (babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita) wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke Tudun Wada a Gusau. Ƙofa ɗaya tana haɗe da kwamfutocin ɗalibai, ta biyu da intanet ɗin tauraron ɗan'adam, ta uku da rautar 4G, ta huɗu kuma an bar ta don ko-ta-kwana. Duk wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 ba sai an yi masa wa'azi kan amfanin layi biyu ba.

Shi kansa katin ba shi da abin zargi. Ƙofofinsa huɗu duk gigabit ne, yana shiga ramin PCIe x4, kuma direbansa igb yana cikin Linux tun asali, don haka ana kunna saba Ubuntu 22.04 za ta gan shi. Ba shi da fanka, abin da ya yi daidai da ƙurar hunturu, sai dai iskar cikin saba ce ke sanyaya shi. Masu cire murfin saba a zafin Afrilu wai don ta sha iska su daina, ɓata hanyar iskar suke yi. Mai saye ya tabbata an haɗa masa da gajeren ƙarfen ɗauri, domin wasu ramukan ba sa karɓar dogon. Jabu kuma ya yi yawa a kasuwa, arhar da ta wuce hankali abin tsoro ce.

Abin da zai fara rikita mutum shi ne sunayen ƙofofin. Linux na kiran su enp4s0f0 zuwa enp4s0f3, ko makamancin haka, kuma ido ba ya gane wace ce wace a bayan saba. Umarnin `ethtool -p enp4s0f2 15` zai sa fitilar ƙofar ta yi ƙyaftawa na daƙiƙa 15. A liƙa mata takarda nan take. Idan `ethtool enp4s0f0` ya nuna 100Mb/s a maimakon 1000, kebul ne: gigabit na buƙatar duk wayoyi takwas na ciki, alhali 100 na tafiya da huɗu, don haka kan da aka matse ba daidai ba zai yi ta aiki a hankali ba tare da ya mutu ba.

Babbar matsalar tana zuwa ne da an jona layin intanet na biyu, kuma a nan ne ake ɗora wa kati laifin da ba nasa ba. Kowace rauta tana ba saba adireshi tare da cewa ita ce mafita, wato hanyar fita zuwa intanet. Sabar kuwa, kome yawan ƙofofinta, mafita ɗaya take zaɓa, wadda lambar metric ɗinta, wato lambar fifiko, ta fi ƙanƙanta. `ip route` zai nuna layin default biyu, `ip route get 8.8.8.8` kuma zai faɗi wadda ake bi a zahiri. A ce adireshin saba a layin tauraro shi ne 192.168.1.20, a layin 4G kuma 192.168.8.20. Saƙo ya shigo ta 4G, amsa ta fita ta tauraro ɗauke da adireshin 192.168.8.20, wanda rautar can ba ta san da zamansa ba. Shi ke nan, wanda ya aiko ya yi ta jira.

Ba a gano wannan da zato, sai da tcpdump, shirin da ke nuna abin da ke shiga da fita ta ƙofa. A nan enp4s0f2 ce ƙofar 4G. A buɗe `tcpdump -ni enp4s0f2 icmp` a taga ɗaya, a gudu `ping -I enp4s0f2 8.8.8.8` a ɗayar. Idan ana ganin amsa tana isowa amma ping na cewa komai ya ɓace, to rp_filter, wani saitin tsaro na Linux, ne ke zubar da ita. Idan yana kan 1, Linux na jefar da duk fakitin saƙon da ya shigo ta ƙofar da ba ita ce hanyar komawa gare shi ba. A mayar da shi 2. A duba na `all`, wato na duk ƙofofi, da na ƙofar kanta, domin wanda ya fi girma a cikin biyun shi ke aiki.

Maganin gaskiya shi ne a ba layi na biyu nasa teburin hanyoyi:

`ip route add 192.168.8.0/24 dev enp4s0f2 table 200`
`ip route add default via 192.168.8.1 table 200`
`ip rule add from 192.168.8.20 table 200`

Ma'anarsa, duk abin da ya fito da adireshin 4G ya bi ta 4G. Waɗannan umarni suna gogewa da zarar saba ta mutu, kuma a garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, wannan na nufin gobe da safe. A rubuta su a fayil ɗin netplan, inda Ubuntu ke ajiye saitin sadarwa, ƙarƙashin routes da routing-policy, a gwada da `netplan try`, wanda ke komawa tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba a amince ba. Wanda ke gyara daga nesa kada ya kuskura ya tsallake wannan.

Wani abin da ake yawan yi wa mummunar fahimta: metric ba ya sauya layi sai ƙofa ta mutu ɗungurungum. Idan hadarin damina ya tare tauraro, rautar na nan a kunne, fitila kore, sabar kuma za ta ci gaba da tura kaya inda babu hanya. Sai an rubuta ɗan shirin da zai riƙa gwada ping ta kowane layi yana sauya mafita, ko a bar wa rauta mai ƙofar intanet biyu wannan aikin.

Kada kuma a sa ƙofa biyu a rukunin adireshi ɗaya a kan suwic ɗaya da sunan ƙarin gudu. Linux zai amsa tambayar ARP, wato tambayar wa ke da wannan adireshi, ta kowace ƙofa, kwamfutocin ɗalibai su riƙa samun adireshin MAC (lambar da ke tambace kowace ƙofa) daban-daban, haɗi ya riƙa yankewa yana dawowa. Sa arp_ignore a 1 da arp_announce a 2 na rage abin, amma ɗaure ƙofofin su zama ɗaya ya fi. Salon ɗauri na active-backup, inda ƙofa ɗaya ke aiki ɗayar na jira, na aiki da kowane suwic, 802.3ad kuwa sai suwic ɗin da ya san LACP, wato tsarin haɗa ƙofofi su yi aiki tare, kuma ko shi ba zai sa kwafe fayil ɗaya ya wuce gigabit ɗaya ba.

Ga cibiyar da ke da mai kula da ya iya `ip rule`, katin ya ci kuɗinsa. Inda babu irin wannan mutum, gara a jona layukan biyu a rauta, a kawo wa saba kebul ɗaya.